Ku Bar Ta Ta Ida Gaisuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, tare da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin rahamarSa, makwancinki a yalwace, da haske da sanyi. Mu nan gida lafiya lau muke, sai kewarki. Damina ta kankama, geron gonarki ya wuce ƙugu, Yaya Sani ya gama maimai. Akuyarki mai farin goshi ta haifi biyu. Jikarki Ladi ta gama ajin farko a lakwal, makarantar boko.

Na san da kina iya amsawa, abin da za ki fara cewa shi ne gaisuwar ta yi gajarta. Ba ki taɓa yarda da gaisuwata ba. Kullum cewa kike ina gaisuwa kamar yadda nake allura, in soka in zare in kira na gaba. To, yau ba ni da na gaba, Inna. Na rufe ɗakin magani na zauna, kuma ba zan tashi ba sai na gama.

Abu biyu suka kawo ni. Na farko wata magana ce da na yaɓa miki a tsakar gida, ban janye ta ba har aka kai ki. Na biyu saƙo ne da wani likita ya ba ni a Yamai in kawo miki, na riƙe shi a baki wata bakwai kina raye ban isar ba. Yau shekara guda da rasuwarki. Na san kin tsani a baza maganar gida a waje, amma ki yi haƙuri, na bar takardar nan a buɗe inda kowa zai gani. A gaban mutane na ɓata miki, a gabansu ya kamata in gyara.

Bari in ɗauko daga farko, yadda kike so a ɗauko zance.

Ran Lahadi aka haife ta. Babanta ya sa mata sunanki, shi ke nan sunan ya fi ƙarfin bakinmu, muka koma kiranta Ladi. 'Yar mitsitsiya ce, in ta kama nono sai ta tsotsa kaɗan ta saki, zufa ta jiƙa mata goshi. Kin zo kin zauna mini wankan jego, kina mita wai ban iya riƙon jariri ba, ni da nake riƙon jariran gari guda a wurin aiki.

In ta yi kuka mai tsanani har ta yi duhu, sai ki fizge ta daga hannuna, ki naɗe mata gwiwoyi zuwa ciki, ki manna ta a ƙirjinki har ta lafa. Kin ce iska ce ke murɗa mata ciki, haka uwarki ta yi muku. Ni kuwa, da takardar makarantar jinya sabuwa fil a akwati, na ce za ki karya mata ƙashi. Kin dube ni sama da ƙasa kin ce bakwai kika naɗe haka, kuma ga ni nan tsaye ina miki surutu.

Da lokacin yaye ya yi, an riga an mayar da ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Keita. Na kawo miki ita ƙauye, can bayan Buza, da niyyar ta yi wata biyu. Ta yi shekara uku. Ni sai dai in hau kabu-kabu bayan mako biyu ko uku in zo in kwana ɗaya, da sabulu da sukari, da gajiya, da sauri.

A hannunki ta koyi tafiya, a makare. Kuma a hannunki ta fara abin nan. Ta taso daga ƙofar ɗaki za ta zaure, taku goma ko sha biyu, sai ta tsaya ta tsuguna, ta sunkuyar da kai. Ranar farko da kika lura, liman ne ke shigowa duba Yaya Sani. Ya ga 'yar shekara biyu da rabi a tsugune a gabansa, ya dafa kanta ya yi ta sa albarka. Kafin azahar labari ya zaga gari.

Ladi mai ladabi. Ke kika raɗa mata, kuma kin fi kowa jin daɗin faɗarsa. Ta tsuguna wa mai gari, ta tsuguna wa mata a bakin rijiya, ta tsuguna wa Buzu mai kawo gishiri. Uwaye suka riƙa jan kunnen 'ya'yansu suna nuna ta. Rannan ta tsuguna a gaban jakin Yaya Sani, aka yi ta dariya, ke kuwa kika ce, “Ɗiyag ga ko jaki ba ta rena ba.” Da na zo kika ba ni labarin sau uku, ni ma na yi dariya sau uku.

Gaisuwarku ta safe ita ce ba zan manta ba. Kina zaune a tabarma bakin ɗaki da carbi, ita kuma ta tako daga wurin wanke ido, ta iso tana haki, ta zube a gabanki. Sai ki fara. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina gida. In na manya sun ƙare ki shiga nata: ina 'yar tsana, ina akuya, ina kaji, ina mijinki mai gari, ya ba ki kuɗin cefane ko ya hana. Ita tana amsawa da kai, daga baya da murya ƙasa-ƙasa, lahiya lau, lahiya lau. Ba ki tsayawa sai ta ɗago kai ta yi dariya. Wani lokaci har kunu ya huce.

Ni abin ba ya mini daɗi. Mai kabu-kabu na jira a waje, ina so in ba ta magani in ga ta sha kafin in tafi. Sai in kama hannunta in ce tashi, ya isa. Ke kuma ki ɗaga mini carbi ki ce, “Bari ta ida gaisuwatta.” Na ji wannan kalma ta fi a ƙirga, kuma kowane lokaci sai na yi tsaki a ciki.

Leɓɓanta baƙi ne, har dasashi. Kin ce gadon kakarki Bafillata ne, mata na shan allura da shuni kafin su samu irinsa, ita Allah Ya ba ta kyauta. Kan yatsunta ya yi dunƙule-dunƙule, farcen ya lanƙwasa, kin ce hannun masu arziki ne. Ba ta girma kamar sa'o'inta, sai na ba ta maganin ƙarin jini, na ba ta na tsutsar ciki, na ba ta na zazzaɓi. Abin sauraren ƙirji yana rataye a wuyana tun safe har yamma a wurin aiki, na ɗora shi a ƙirjin 'ya'yan mutane ba adadi. Ban taɓa sa shi a jaka na kawo gida ba. In na shigo zaurenki ɗiya nake komawa, mai jiran a zuba mata tuwo.

Kin tuna Rahila, ƙawata tun makarantar jinya, Kirista, mai aiki a sashen yara na asibitin mishan. Kina sonta saboda tana cin tuwonki har ta nemi ƙari, kin ce ta fi ni sanin darajar miyar kuka. Ita ta zo sunan ɗan Yaya Sani a cikin wancan sanyin.

Muna zaune gindin rumbu muna gyaran shinkafa. Yara suka ruga bin mai kalangu, Ladi ta bi su. Tsakiyar fili ta tsaya ta tsuguna. Babu kowa a gabanta, babu liman, babu jaki, sai turmi can gefe. Rahila ta daina tsintar shinkafa ta ce, “Wa take gaishewa?” Mata suka kwashe da dariya, kowa na rige-rigen ba ta labarin Ladi mai ladabi.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta je ta tsuguna kusa da ita, ta juya hannunta ta dubi farce, ta ce ta fito da harshe, sannan ta kwantar da kunnenta a ƙirjin yarinyar, da ɗankwalin biki da komai. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago ni ta duba. Inna, kafin ta buɗe baki na gane. Shafin littafin da muka karanta tare ni da ita ya dawo mini, har da hoton yaro a tsugune a gefen shafin. Na ci jarrabawa a kansa.

Washegari muka tafi asibitinsu. Aka maƙala mata ɗan abin awo a yatsa. Lambar da ta fito, da a yatsan ɗan wani na gan ta a wurin aiki, da na ruga kiran majo, shugabanmu na asibiti, ina tuntuɓe. Ita kuwa Ladi tana zaune tana wasa da igiyar abin. Likitansu ya ce ciwon zuciya ne da aka haife ta da shi, sai an je Yamai an haska zuciyar an ga yadda take.

Rahila ta raka mu har bakin titi. A nan ta gaya mini abin da ya fi ci mata rai a aikinta: ta san ciwon, ta san sunansa, ta san akwai inda ake gyara shi, amma sau da yawa abin da take iya ba uwa shi ne sunan kawai, ta koma gida da shi. Ta ce wannan karon ba za ta yarda ba. Ta faɗi wasu abubuwa kuma game da yadda za a kula da ita kafin tafiya. Na tabbata ta ce a bar ta ta riƙa tsugunawa. Kunnena ya toshe, ban ji ba.

Da la'asar muka iso gida. Kina sheƙa a tsakar gida, matar Yaya Sani da maƙwabta biyu na taya ki. Ladi ta sauka daga bayana, ta tako, ta zube a gabanki. Kika saki fuska kika fara, Ladi mai ladabi, ina hanya. A nan na ce, “Inna, shekara uku kina yabon ciwo.”

Haka na faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce ba ladabi ba ne, numfashi ne ke gagararta, kuma da ba ki cika gari da kirari ba da tuni an gane. Kika ajiye ƙwaryar a hankali. Ba ki dubi matan ba, ba ki dube ni ba. Kika ce, “Allah Shi ba ta lahiya.” Kika shiga ɗaki.

Haushin kaina nake ji, Inna. Ya cika mini ciki tun daga asibiti, na rasa inda zan sauke shi, sai na ga ke ce ba za ki rama ba.

Na koma Keita neman izinin tafiya, na bar ku kwana tara. Abin da ya faru a kwanakin nan matar Yaya Sani ce ta ba ni labari, bayan rasuwarki. Ta ce kin daina gaisuwar safe. Da Ladi ta doso tabarma, kafin gwiwarta ta lanƙwasa kin miƙe kin ɗaga ta. Ko'ina ta tsuguna sai ki bi ta ki tayar, a zatonki tsugunon ne ciwon, kuma ke kika koya mata. Yarinya ta riƙa bin matar Yaya Sani tana tambaya, “Mi na yi ma Inna?”

Rana ta bakwai da hantsi ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ta yi baƙi ƙirin, idanu sun juye. Kowa ya rikice. Ke kika manta da ni da takardata, kika sure ta, kika naɗe mata gwiwoyi zuwa ciki kamar tana jaririya, kika manna ta a ƙirji har numfashi ya dawo. Da ta farfaɗo, abin da kika ce wa matar Yaya Sani shi ne kada a gaya mini kin sake naɗe ta, zan yi faɗa. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, har gobe.

Daga Madawa muka shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, ni da ita da babanta. Likitan zuciyar dattijo ne mai furfura, Hausarsa irin ta wajenmu. Ya shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, ya daɗe yana kallon allo. Sannan ya jawo takarda ya zana mana gida mai ɗaki huɗu. Ya ce bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu na ƙasa yana da ɓula, ƙofar da jini ke bi ya je huhu ya ɗauko iska kuma ta yi ƙunci. Saboda haka jini ke zagayewa ta ɓular ya koma jiki ba iska, shi ne baƙin leɓen. In ta tsuguna, ta matse hanyoyin jini na ƙafafu, sai jinin ya rasa wurin gudu ya koma ya bi ƙofar huhu. Ya ce babu wanda ke koya wa irin waɗannan yara, jikinsu ne ke gano wa kansa.

Ya tambayi wa ya raine ta, don ya yi mamakin yadda ta kai shekara biyar da ƙofa mai ƙunci haka. Na ce kakarta. Kuma da yake bakina bai gaji da kai ƙara ba, na kwashe labarin gaisuwar safe na ba shi, da ina akuya da ina mijinki, da naɗe gwiwa tun tana jaririya. Ina jira ya girgiza kai irin na masu ilimi.

Ya ajiye alƙalami. Ya yi 'yar dariya. Ya ce da safe ne ciwon ya fi kayar da su. Ya ce naɗe gwiwa zuwa ƙirji shi ne abu na farko da suke koya wa iyaye. Sai ya ce, “Ki gai da tsohuwa. Ki ce mata duk gaisuwar da ta ja, magani ta ba ta. Ita ta riƙe mana yarinyar har muka gan ta.”

Ya ga fuskata, ya gane sauran. Ya ce shi ma yana sabon likita ya sallami wani yaro da maganin tari har sau biyu, kuma bai manta fuskar uwar ba. Ya ce a fatarmu baƙin ba ya nunawa sai an buɗe baki an duba harshe. Ya rubuta mata maganin da za ta riƙa sha, ya ce gyaran sai an buɗe ƙirji, zai sa sunanta wurin wata ƙungiya da ke kai yara ƙasar waje. Sai mu jira, kuma ba shi da ranar da zai ba mu.

Na dawo da saƙonki cikakke, na ba ki rabi. Na ce likita ya ce a bar ta ta riƙa tsugunawa. Kika ce to. Sauran rabin na riƙe shi, domin in na faɗa sai na faɗa cewa ni ce mai ɗaga ta, ni mai farar riga. Na ce wa kaina bari ta warke tukuna, cikin murna maganar za ta fi sauƙin fita.

Kin bar ta tana tsugunawa, amma gaisuwar ba ta koma yadda take ba. Ina kwana, ina gajiya, sai ki kau da kai ki ja carbi. Babu akuya, babu mai gari. Ban sake jin Ladi mai ladabi a bakinki ba. Wata biyar muna jira a haka, ina gani, ina sani, ina shiru.

Da kira ya zo, farkon damina, aka ce ita kaɗai za ta tafi. Uwa ba ta bi, uba ba ya bi, wasu mutane ne can za su riƙe ta a gidansu kafin aiki da bayan aiki. Na zaci za ki hana. Kika ce in akwai masu riƙon ɗiyar da ba su haifa ba su ma san yarenta ba, to mutanen kirki ne. Kika ciro tsohon zanenki mai ruwan bula, wanda kika goya ta da shi, kika ce a sa mata a jaka.

Kin biyo mu har tashar Madawa, ke da kika yi shekaru ba ki wuce Buza ba. Kar ta cika, direba na ta oda. A bakin ƙofar mota Ladi ta saki hannuna ta zo gabanki ta tsuguna. Na ga bakinki ya motsa, na ga gaisuwar ta taso miki gaba ɗaya. Sai kika dube ni. Kika sunkuya kika ɗaga ta kika ce, “Tashi, uwarki na sauri.” Ganinku na ƙarshe ke nan.

Ranar da aka yi wa Ladi aikin, Rahila ta ɗauki hutu ta zo Keita ta zauna da ni. Waya na tsakaninmu a kan tabarma, tana addu'a irin tasu ina yin irin tamu. Ke kuma an ce kin tashi da azumi. Bayan la'asar aka kira aka ce an toshe ɓular, an buɗe ƙofar, tana barci. Rahila ta fi ni kuka.

Na kira wayar Yaya Sani ya miƙa miki. Kika yi hamdala, kika tambaya ko suna ba ta abinci mai nauyi ko sai ruwa-ruwa irin nasu. Layi na da kyau ranar, ina jin har kukan kajinki. Saƙon yana kan harshena. Na ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai na zo.

Mako uku bayan nan zazzaɓi ya kwantar da ke. Aka yi ruwa kwana biyu, ƙorama ta cika ta yanke hanya, na wuni a bakinta da jakar magani ina kallon tsallake. Da na haye na iso, na tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza sun dawo daga kai ki.

Yanzu a wurin aiki na zama mai dogon zance, har majo na tsokanata wai layina ya fi na kowa tsawo. Ina buɗe bakin kowane yaro in dubi harshe. Ina tambayar uwaye ko akwai mai tsugunawa ba tare da wanda zai gaida ba. Na tura wa Rahila yara biyu. Ɗaya tana jiran kira. Ɗayar kiran ya zo bayan an yi sadakar bakwai ɗinta, kuma ni na je na gaya wa uwar, don ban ga wanda zan aika ba. Ladi ma ba a sallame ta ba, za mu riƙa komawa Yamai ana dubawa, wataƙila har girmanta. Ba na ɓoye wa kowa wannan.

Amma bari in ba ki labarin dawowarta, shi ne kika fi so.

Wata guda bayan rasuwarki muka tarbo ta. Ban gane ta ba da farko. Ta yi kumatu, leɓɓa sun yi ja, gadon kakarki Bafillata ya tafi. Ga tabo tun daga ƙasan wuya har kan ciki, tana ɗaga riga tana nuna wa duk wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Zanenki na cikin jaka, an wanke an goge. A Yamai na zaunar da ita na gaya mata kin rasu. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da cin biskit, na ce ƙuruciya ce.

Gudu take yi, Inna. Ba ta san tafiya ba sam. Ta bi kaji, ta bi awaki, ta hau katanga, ta wuce dattawa a guje tana ɗaga musu hannu kamar 'yar sanda. Liman ya ce Turawa sun gyara zuciya sun ɓata ladabi. Matan da suka riƙa jan kunnen 'ya'yansu saboda ita, yanzu su ke kawo mini ƙararta. Ina ba su haƙuri a baki, a ciki kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Ranar da muka fara isa ƙauye da ita, da hantsi ne. Tun kafin mai kabu-kabu ya tsaya ta dire. Ta ratsa zaure a guje, ta wuce Yaya Sani da hannunsa a miƙe, ta wuce rumbu, ta wuce turmi. A ƙofar ɗakinki ta ja birki. Asabari a sake, tabarmarki a naɗe a jingine da bango.

Ta tsuguna.

Gabana ya faɗi. Na iso da gudu na dubi leɓɓanta, ja ne. Na dubi ƙirjinta, numfashi lafiya lau, ko haki babu. Ba abin da ya kayar da ita. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, ina kwana.” Ta jira amsa.

Hannuna ya riga ya kai kafaɗarta, kalmar tashi na bakina. Sai na janye shi. Na tattara zane na tsuguna a gefenta, na ari muryarki iyakar iyawata. Ina gajiya. Ina hanya. Ina mutanen da suka riƙe ki. Ina 'yar tsana, ina akuya, ina kaji. Ina mijinki mai gari, ya yi kewarki ko ya yi sabuwa. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, lahiya lau, lahiya lau, hawaye na ɗiga a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ban tsaya ba, na ƙaro da waɗanda ba ki taɓa tambaya ba, ina jirgi, ina tabo, ina biskit, har ta ɗago kai ta yi dariya. Ta ida gaisuwarta, Inna. Sannan ta tashi da kanta ta ruga wurin awaki.

Ni ce ban ida tawa ba, shi ya sa na zo yau.

Ga saƙonki, cikakke, yadda aka ba ni. Likitan zuciya na Yamai yana gaishe ki. Ya ce duk gaisuwar da kika ja, magani kika ba ta, kuma ke kika riƙe musu yarinyar har suka gan ta. Ga nawa kuma a kai. Ba ciwo kika yaba ba. Yarinya kika gani tana neman numfashi, kika ba ta wuri da lokaci da suna mai daɗi, ta yi shekara uku tana jinya ba ta san kunyar ciwo ba, a zatonta ita ce ta fi kowa tarbiyya a gari. Ni ce na yi karatun, ni ce ban gani ba. Na janye maganata a gaban matar Yaya Sani da maƙwabta da duk wanda ya karanta wannan. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa kowane numfashi da Ladi ta ja a tsugune a gabanki ya zame miki haske a kabari. Allah Ya saka wa Rahila da dattijon likita da mutanen da suka riƙe ta ba su san mu ba. Yaran da ke jiran kira, Allah Ya kawo musu shi da wuri, uwayen da kiran ya makara musu Ya ba su haƙuri. Ya raya miki takwararki, Ya ba ta ladabi na gaskiya ko da rabin na da ne. In ranar haɗuwarmu ta zo, Allah Ya sa a inuwa ce, inda babu mota mai jira, ki ja gaisuwar yadda kike so. Amin.

Taki, a tsugune a ƙofar ɗakinki,
Hajara, uwar Ladi